Gwaji ya nuna mega 20, amma kiran WhatsApp yana yankewa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da intanet a Garwa, kwamfuta biyar, ga kuma masu karɓar lambar Wi-Fi a wayoyinsu. Akwatin 4G nake amfani da shi. Idan na gwada da safe nakan ga mega 20 na saukewa, 4 ko 5 na turawa. Amma da zarar yaron shagona ya fara ɗora bidiyon biki, ko wani ya hau tura dosiye, wato takardun neman aiki ko makaranta, sai kiran WhatsApp ya lalace, shafuka su tsaya suna juyi. Na sayi forfe, wato ƙunshin data, mafi tsada, ba abin da ya canza. In canza kamfani ne ko in sayi wani akwatin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ka dakata da zancen canza kamfani, kada kuma ka ƙara ko dala a kan forfe sai ka yi gwajin da zan kwatanta maka. Sana'ata ke nan, haɗa rezo, wato hanyar sadarwa, a shaguna da ofisoshi tsakanin Garwa, Marwa da Kusiri. Yadda ka ce sai an fara turawa abin yake lalacewa, shi ya sa nake ganin ba ƙarancin mega ke damunka ba. Layi ne yake taruwa a cikin na'urori, bayananka suna tsaye suna jiran a zo kansu.

Abu biyu mutane suke haɗawa su ce musu gudu. Ɗaya shi ne yawan bayanan da hanya take iya ɗauka a sakan guda, wato megan nan da ake rubutawa a allunan talla. Ɗayan kuma tsawon lokacin da saƙo guda yake yi kafin ya je ya dawo. Wannan shi ne jinkiri, kuma da milisakan ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Forfe mai tsada yawan data yake ƙara maka, wani lokaci da mega, amma ba ya taɓa jinkiri. Kiran murya kuwa ba ruwansa da mega 20. Wayar tana yayyanka muryarka ƙanana-ƙanana, tana tura fakiti bayan fakiti sau da yawa a cikin sakan ɗaya, kuma duka-duka abin da take ci bai kai kashi ɗaya cikin goma na mega guda ba. Buƙatarta ɗaya ce: kowane fakiti ya iso a kan kari. Wanda ya makara ba shi da amfani, wayar da ke can gefen za ta watsar da shi, shi ne kake jin murya ta ɗauke ko ta koma kamar ta mai magana a cikin rijiya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta daɗe da fitar da ma'auni: idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba hira takan tafi daidai, idan ya haura 400 ta lalace, sai ka yi magana ɗan'uwanka ma ya yi, ku yi ta cin karo kuna "ina jin ka, ci gaba".

Shafukan intanet ma kusan haka suke. Kafin shafi ɗaya ya buɗe sai an yi kai-komo da yawa: a tambayi adireshi, a gaisa da sabar, wato kwamfutar da shafin yake ajiye a kanta, a ƙulla tsaro, sannan a fara karɓo hotuna da rubutu. Kowane zuwa da dawowa sai ya biya kuɗin jinkiri. Wani injiniyan Google, Mike Belshe, ya auna wannan a 2010, ya ga cewa bayan mega 5 ƙarin mega ɗan kaɗan yake rage lokacin buɗe shafi, alhali duk ragin da aka yi wa jinkiri nan take ake ganin amfaninsa.

Wani kaso na jinkirin ba mai iya cire maka shi, gara ka sani tun yanzu. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya. Saƙon da ya tashi daga Garwa sai ya gangara kudu sama da kilomita 1000 kafin ya isa bakin teku, inda kebulan ƙarƙashin ruwa suke sauka: SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe, sai na Kiribi, ɗaya mai zuwa Legas ɗaya mai haye teku zuwa Barazil. Idan sabar da kake nema tana Turai ga wasu dubban kilomitan a gaba. A ce tsawon hanyar gaba ɗaya kilomita 8000 ne, zuwa da dawowa ya ci milisakan 80 ke nan, tun ba a lissafa tsaye-tsayen hanya ba. 'Yan'uwanmu na Njamena nasu ya fi nisa, tunda Chadi ba ta da teku, faibarta ta Kamaru ko ta Sudan take bi. Wannan jinkirin nisa ne, da shi ake zaune lafiya, kuma kira yana tafiya da shi sumul. Wanda ya dame ka daban ne. Shi ne wanda yake tashi daga 90 ya koma 1500 ko 3000 da zarar yaronka ya danna tura bidiyo, ya kuma sauko da kansa idan bidiyon ya gama tafiya.

Ka ɗauki injin niƙa na unguwa. Bakinsa ɗaya, abin da yake iya ci a minti guda sananne ne. Mai abincin sayarwa ta kawo buhun masara uku ta jera. Bayanta yarinya ta zo da ɗan kwanon wake na ƙosai, wanda minti ɗaya ya ishe shi. Idan mai injin ya ce wanda ya riga zuwa shi za a fara yi wa, yarinyar nan za ta yini. To a ce mai injin ya ga mutane suna komawa da kayansu don babu wurin ajiyewa, sai ya faɗaɗa rumfa ta yadda buhu talatin za su samu wuri. Injin bai ƙara gudu ba ko kaɗan. Layin ne ya ƙara tsawo, yarinyar kuma yanzu bayan buhu talatin take. Akwatinka na 4G haka yake. Yana da ma'ajiyar jira inda fakitoci suke tsayawa idan sun zo da yawa fiye da abin da hanya za ta ɗauka. Bidiyon bikin shi ne buhunan, muryar mai kira ita ce kwanon wake. Ma'ajiyar a kan kanta ba laifi ba ce, dole a samu 'yar kaɗan saboda bayanai a gungu-gungu suke zuwa. Laifin shi ne ta yi girman da ya wuce kima, kuma ba mai lura da ita.

Za ka ce me ya sa kwamfutar ba za ta rage turawa ba tunda hanya ta cika? A nan gizo yake saƙar. Ƙa'idar da yawancin turawa da saukewa suke bi, TCP, ba ta san faɗin hanya ba. Lalube take yi. Takan fara a hankali, ta yi ta ƙarawa, har sai wani fakiti ya ɓace a hanya, nan take gane ta kai iyaka ta ja baya. Ba haka kawai aka tsara ta ba. A watan Oktoba na 1986 intanet ɗin wancan zamani ya shaƙe, har hanyar da ke tsakanin wani ɗakin bincike da jami'ar Berkeley a Amurka, wuraren da tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, ta faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40. Van Jacobson ne ya fito da gyaran a 1988, gyaran kuma ya ginu ne a kan cewa ɓatan fakiti shi ne alamar cunkoso. Ka ga ke nan, idan na'ura tana da ƙatuwar ma'ajiya wadda ba ta yarda ta zubar da komai, ta ɓoye wa mai turawa alamar. Shi yana can yana ƙara wuta, ita tana ta tarawa, har sai ta cika maƙil, kuma a cike za ta zauna muddin turawar ba ta ƙare ba. Fayil ɗaya tak ya isa ya yi wannan ɓarna.

Dalilin girman ma'ajiyar ba mugunta ba ce. Ƙwaƙwalwar na'ura ta yi arha, masu ƙerawa kuma da mega ake gwada kayansu, ba da jinkiri ba, sai suka ga gara a zuba da yawa. Suna kuma auna ta ne da iyakar gudun da na'urar za ta iya. Yawancin akwatunan 4G da ke kasuwanninmu an yi su ne don mega 150 na saukewa da 50 na turawa. Yi lissafi da ni. Ma'ajiyar da za ta riƙe bayanan milisakan 100 a kan mega 50 ta kai kilobait 625. A kan hanya mai mega 50 ba wanda zai ji nauyinta. Kawo wannan akwati Garwa, da yamma, lokacin da turawa ta sauko mega 2: kafin a kwashe kilobait 625 sai an yi sakan biyu da rabi. A mega 1, sakan biyar. Shi ya sa nake yawan faɗa wa abokan sana'a cewa wannan cuta ta fi kama mu fiye da waɗanda suka gano ta, domin iya ƙuncin hanya iya tsawon jiran.

A gidansa ma wanda ya tona ta ya gamu da ita. Jim Gettys, tsohon injiniya ne da ya sa hannu a rubuta ƙa'idar HTTP da duk shafukan intanet suke tafiya a kai. A 2010 ya lura duk sanda yake tura manyan fayiloli intanet ɗin gidan yakan zama ba ya moruwa, ya auna ya ga jinkiri ya haura sakan guda. Ya bi diddigi ya tarar abin yana ko'ina, a modem, a rauta mai raba intanet ga na'urori, a Wi-Fi, a cikin kwamfutoci, a kayan kamfanonin waya. Shi ya yaɗa sunan bufferbloat, kumburin ma'ajiya ke nan, kuma da wannan sunan za ka nemi bayani ko shafin gwaji. A 2011 shi da marigayi Dave Täht, wanda ya rasu a 2025, suka tara masu aikin sa-kai don neman magani. Yawancin abin da zan ba ka shawara a kai daga wannan aikin ya fito, kuma kyauta ne.

Ga gwajin. Zaɓi lokacin da shago ba kowa. A kwamfuta ɗaya mai Windows ka rubuta cmd a wurin nema, baƙin allo zai buɗe, ka rubuta ping -t 8.8.8.8 ka danna shiga. Layuka za su riƙa fitowa, kowanne da lamba a gaban kalmar temps idan kwamfutar ta Faransanci ce, lambar nan ita ce jinkirin zuwa da dawowa da milisakan. Bar shi ya yi kamar minti ɗaya, ka rubuta lambar da ta fi yawan fitowa. Ko nawa ce ba komai, bambancin muke nema. Kada ka rufe allon. Sa yaronka ya fara ɗora bidiyo daga wata kwamfutar, kai kuma ido a kan lambobin. Rubuta inda suka kai. Tsayar da turawar, ka jira su sauko, sannan a fara sauke babban fayil, ka sake rubutawa. Daga nan ka buɗe allo na biyu ka yi wa akwatin kansa ping, adireshinsa yana rubuce a ƙasansa ko a bayansa, sau da yawa 192.168.8.1 ko 192.168.1.1, ka maimaita duka. Ka yi wannan da safe, ka sake yi bayan magariba.

A ma'aunina, idan ƙarin bai wuce milisakan 30 ba lafiya kake. Idan ya kai 100 masu kira za su fara ji a jikinsu. Daga 300 zuwa sama kuwa kumburin ma'ajiya ne ba tantama. Idan lambar akwatin tana nan ƙasa, 1 zuwa 5, amma ta waje ce take tashi, layin yana kan hanyar 4G. Idan ta akwatin ma tana tashi alhali ta Wi-Fi kake, to Wi-Fi ɗin ma yana da nasa ciwon. Idan kuma lambar tana sama tana tsalle-tsalle ba tare da kowa yana komai a shagonka ba, musamman da dare, wannan ba naka ba ne, ƙarfen rezon unguwarku ne, wato dogon ƙarfen sadarwa na kamfanin waya, ya cika ko hanyar da ke bayansa. Akwai shafukan da suke yin gwajin a dunƙule: na Waveform yana ba da maki daga A+ zuwa F, fast.com yana nuna jinkiri a sake da jinkiri a ɗauke da kaya idan ka buɗe ƙarin bayani, Speedtest ma yanzu yana nuna jinkirin lokacin saukewa da na turawa, sai dai ƙanana yake rubuta su, ido ba ya kai musu. Suna cin data sosai fa, kada ka mayar da su abin wasa.

Kafin ka kashe kuɗi, akwai ɓarayin hanya da za ka kama yau. Duk wayar da ta hau Wi-Fi ɗinka ɗauka take ta samu banza. Google Photos zai fara kwashe hotuna da bidiyo yana turawa, WhatsApp zai adana hirarraki, manhajoji su hau sabuntawa, mai wayar yana zaune bai san ana yi ba. Mutum ɗaya da ya dawo daga biki da waya cike da bidiyo ya isa ya toshe maka turawa na sa'a guda. Windows ma yana sauke sabuntawarsa, yana kuma iya tura ta ga wasu kwamfutoci. A kowace kwamfutar shago ka kunna saitin da Windows na Faransanci yake kira Connexion limitée, wayoyin Android ma suna da irinsa a saitin Wi-Fi. Manyan bidiyo a bar su sai an tashi ko da asuba. A kwanakin rufe rajistar konkur, wato jarrabawar shiga makaranta ko aiki, lokacin da ɗalibai suke cika shago da dosiye, ka rage nauyin takardun da ake sikanin kafin a tura, hoto mai megabait 8 ba abin da ya fi mai kilobait 400 a wurin mai dubawa. Sannan ga wata dabara: a wurin ƙarfen rezo kowane layin waya da nasa layin jiran, shagonka gaba ɗaya kuwa sim ɗaya ne a idonsa. Saboda haka idan kira mai muhimmanci ya taso, ka sauka daga Wi-Fi ka yi shi da datar wayarka, ka fita daga cunkoson shagon ke nan.

Waɗannan rage zafi ne. Maganin gaske shi ne ka ƙwace layin daga hannun na'urar da ba ta iya kula da shi ba, ka dawo da shi cikin wadda ta iya. Ana sa rauta tsakanin akwatin 4G da duk masu amfani, a umarce ta kada ta tura fiye da abin da ya ɗan gaza ƙarfin hanyar. Tunda ba ta taɓa cika wa akwatin ciki, ma'ajiyarsa a wofi take zama, layin kuma sai ya taru a cikin rautar, inda ake da dabarar sarrafa shi.

Dabarar hawa biyu ce. Ta farko CoDel, wadda Kathleen Nichols da Van Jacobson ɗin nan suka fitar a 2012. Ba ta ƙirga yawan fakitocin da ke layi, lokacin da kowanne ya yi yana jira take dubawa. Idan jiran ya zarce milisakan 5 kuma ya ƙi saukowa har tsawon milisakan 100, sai ta jefar da fakiti ɗaya da gangan, ko ta yi masa alama, don mai turawa ya ji ya sassauta. Kada jefarwar ta tsorata ka, 'yan kaɗan ne, ana sake turo su, fayil ba ya lalacewa. Ta biyu Eric Dumazet ne ya ɗora ta a wannan shekarar, aka samu FQ-CoDel: maimakon layi ɗaya sai ta raba zuwa layuka 1024, kowace hulɗa da nata, ana ɗiba bi da bi, wanda kuma ya zo da ɗan kaɗan a sa shi gaba. Mai injin ya koyi karɓar kwanon wake tsakanin mudu da mudu na masara ke nan, mai buhu ba ta yi asarar komai ba sai 'yan sakanni. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ba sai ka gaya mata wannan WhatsApp ne wancan YouTube ne ba, ƙanƙantar abin da kira yake turawa ita take sa shi gaba. Daga baya aka yi CAKE, ta shiga Linux, manhajar da rautoci da yawa suke tafiya a kanta, a 2018, ta haɗa takaita gudu da rabon layi a wuri ɗaya, tana kuma iya raba hanya daidai tsakanin na'urori, ta yadda kwamfuta mai sauke abu goma ba za ta danne mai sauke abu ɗaya ba. Ga shago irin naka ita nake zaɓa.

A aikace, rautar da take ɗaukar OpenWrt kake buƙata, manhaja ce ta kyauta da ake sa wa rauta a madadin wadda ta zo da ita. Kafin ka biya ka duba lambar samfurin da sigarsa a jerin na'urorin da ke shafin OpenWrt, don suna ɗaya yakan zo da kayan ciki daban-daban. A gudu irin naka ba sai mai tsada ba. Ana sa mata ƙarin da ake kira luci-app-sqm, a zaɓi cake da piece_of_cake.qos, a rubuta lambobi biyu da kilobit, na saukewa da na turawa. Wayar kebul ta fito daga akwatin 4G ta shiga ramin rautar da aka rubuta wa WAN. Sai abin da mutane suka fi mantawa: a kashe Wi-Fi na akwatin 4G ɗin ƙurmus, a zare duk wata waya daga jikinsa sai ta rautar. Wayar hannu ɗaya da ta zagaye ta hau akwatin kai tsaye ta rushe aikin. A kuma tabbata saitin gaggauta wucewar fakiti, mai suna flow offloading, wanda yake tsallake sarrafawa, a kashe yake. Idan ɗan ƙaramin modem na aljihu gare ka mara ramin waya, ana iya haɗawa ta USB, amma da wahala, gara akwati mai rami.

Masu sayar da tikitin Wi-Fi a unguwanni, yawancinsu rautar MikroTik suke amfani da ita, kuma sun riga suna da maganin a hannu ba su sani ba. Tun daga siga ta 7 ta manhajarta, RouterOS, akwai CAKE da FQ-CoDel a cikin nau'o'in layi. Abin da na fi tararwa shi ne an yanka wa kowane tikiti mega 1 ko 2, an sayar wa mutum talatin a kan hanya mai mega 15, ba a sa iyaka a kan jimillar ba. Iyakar kowane mutum ba ta hana babbar hanyar cika. Sai an sa iyakar jimilla a sama, an kuma lura da FastTrack, saitinta na gaggauta wucewar fakiti, don fakitin da ya bi ta nan ba ya ganin layukan da aka tsara. Haka nan saitin QoS na tsofaffin rautoci, mai cewa a fifita wannan manhaja a kan waccan, ba ya tsinana komai idan layin ba a cikin rautar yake taruwa ba.

Lambar da za ka rubuta, nan ne wahalar 4G take, ba zan ɓoye maka ba. Mai faiba ko wata hanya tsayayya yakan sa kashi 90 cikin ɗari na abin da ya auna, ya manta da zancen. Gudun 4G kuwa ba ya zama wuri ɗaya, yana bin yawan mutanen da ke kan ƙarfen da ƙarfin sigina. Idan ka sa mega 4 na turawa saboda abin da ka gani da safe, da yamma hanyar ta sauko 2, rautar ba ta takaita komai ba, layin ya koma akwati. Don haka da ma'aunin lokacin cunkoso za ka fara. Ka ga mega 2 na turawa bayan magariba, rubuta 1700, da kilobit ke nan. Ka ga 10 na saukewa, rubuta 8000, domin ɓangaren saukewa yana son a bar masa sarari fiye da na turawa, tunda layinsa a can wurin ƙarfen yake, kai daga nesa kake lallashin masu turowa su rage. Sai ka kunna ping ka riƙa ɗaga lambar kaɗan-kaɗan har ka ga jinkiri ya fara tashi, ka koma baya taki ɗaya. Farashin shi ne da safe za ka bar mega a ƙasa ba ka ci ba, gwajin gudu zai nuna ƙasa da 20 ɗin da ka saba gani. Ni dai a shago na fi son mega 8 da kowa yake aiki a kai fiye da 20 da mutum ɗaya yake tsayar da su. Idan kana da mai taimaka maka da ya san Linux, akwai ƙarin da ake kira cake-autorate, yana auna jinkiri kowane lokaci yana ɗaga lambar yana sauke ta da kansa, don irin wannan hanya aka rubuta shi. Idan ma ba za ka iya komai ba sai abu ɗaya, takaita turawa kawai, a yadda ka kwatanta nan ne mafi yawan ciwon yake.

Kwamfutocin shago biyar ɗin nan ka ja musu wayar kebul daga rautar, ka bar Wi-Fi ga masu wayar hannu. Wi-Fi iska ɗaya ake rabawa, kuma wayar da ke nesa, can bakin titi, a hankali take magana, tana cinye lokacin kowa. OpenWrt yana da gyaran wannan a kan na'urori da dama, amma kebul ya fi. Akwatin 4G kuma a ɗaga shi sama kusa da taga ta ɓangaren ƙarfen rezo, nesa da kwanon rufi, ba a cikin rana ba. Zafin Maris da Afrilu na Garwa, da yake haura digiri 40, yana sa irin waɗannan na'urori su rage gudu ko su riƙa kashe kansu. Sigina mai kyau yana ɗaga gudun turawa, gudun turawa kuma, kamar yadda lissafin can ya nuna, yana gajarta layin.

Akwai abin da duk wannan ba zai taɓa ba. Idan kebul ya tsinke a teku, irin na 14 ga Maris 2024 da ya shafi WACS, SAT-3, ACE da MainOne a lokaci guda, ko aka sare faiba a hanyar kudu, ko wuta ta ɗauke a ƙarfen rezo, ba saitin da zai cece ka. Mai tsohuwar hanyar tauraron ɗan'adam, wanda yake tsaye a nisan kilomita 35,786, jinkirinsa yana wajen milisakan 600 ko hanya ba kowa. Kuma rauta ba ta rage cin data, forfe zai ƙare yadda ya saba.

Zancen canza kamfani sai bayan gwaji yake da ma'ana. Ari sim na wani kamfanin, MTN ne, Orange ne, Camtel ne, wanda dai ba shi kake kai ba, idan akwatinka yana karɓa, ko ka gwada da waya a daidai wurin da akwatin yake. Yi ping ɗin nan bayan magariba, a sake da kuma lokacin turawa. Wanda ya fi ƙarancin jinkiri da dare kuma gudun turawarsa ya fi tsayawa wuri ɗaya shi ne naka, ko da megansa na safe bai kai ba. Amsar takan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, shi ya sa ba na yanke wa kowa hukunci daga nesa. Idan faiba ta iso layinku kuma kuɗinta ya yi maka, ta fi 4G sauƙin saitawa nesa ba kusa ba, amma ita ma a sa mata rautar.

Idan za ka kai ƙorafi ofishin kamfani, kada ka ce musu rezo ba kyau, za su gwada gudu a gabanka su nuna maka mega 20 ka rasa ta cewa. Tafi da takarda: rana kaza, ƙarfe kaza, jinkiri 90 a sake, 1800 lokacin saukewa. Ka nemi a haɗa ka da injiniya, ka tambaye shi wace dabarar sarrafa layi suke amfani da ita a kayansu. Ba abu ne da ya gagara ba. Kamfanonin intanet na kebul a Amurka sun sa irin wannan dabara, mai suna PIE, a cikin ƙa'idar modem ɗinsu ta DOCSIS 3.1, kuma a Janairun 2023 an fitar da sabuwar ƙa'ida, L4S, don rage jiran layi a hanyoyin kamfanoni har da na wayar hannu. Rabin layin da ke wurin ƙarfen su kaɗai ne za su iya gyara shi daga tushe, kuma ba za su sa kuɗi a kai ba muddin mega kaɗai masu saye suke tambaya. Ka nuna wa sauran masu shaguna yadda ake gwajin, in sun tashi zuwa su ma su tafi da lambobinsu.

Idan ka yi gwajin, turo mini abin da ka samu na safe da na bayan magariba, a sake, lokacin turawa da lokacin saukewa, tare da sunan samfurin akwatinka, in faɗa maka lambobin da za ka fara sawa a rautar. Allah ya taimaka.